Hawan Dutsen Bagazam a lokacin ɗari

 Ina gaida makiyayan da ke mashekari a daren nan, sun jingine rediyo a jikin ƙwarya suna jin ɗumin wuta. Ina gaida fatake da direbobi da 'yan kamasho masu kwana a bakin iyaka suna jiran gari ya waye, na Ƙonni da Illela, na Ɗan Isa da Jibiya, na Magarya da Maigatari, har zuwa Tanut da Agadas. Ina gajiya? Yaya muka ji da ɗari? To, lokacinsa ne, Allah ya sa mu ga wucewarsa lafiya.

Yau hirarmu a kan dutse take. Tun da ɗarin bana ya kama, samari da dama sun tare ni a kasuwa da magana iri ɗaya. Sun ce sun gaji da sayen albasa da tafarnuwa a hannu na uku a tashar Agadas, suna so su shiga cikin Azbin da kansu, su je har garaken da ake nomawa, wasu ma su hau Dutsen Bagazam da suka daɗe suna jin sunansa. Wasu kuma ba ciniki zai kai su ba, gani kawai suke so, su ce sun taka wurin da ya fi ko'ina bisa a Jamhuriyar Nijar. Ni ban hana kowa ba. Na taɓa hawa, kuma in Allah ya ara mini kwana zan koma. Amma na hau shi cikin watan Janairu da rashin sani, saura ƙiris in sauko da gawar ɗan ƙanwata. Shi ya sa na ce gara in faɗa a nan inda kowa zai ji. Mai hawan Bagazam da ɗari, dare zai yi wa shiri tun kafin ya bar gida.

Wane dutse ne Bagazam?

Ga wanda bai san wurin ba, in ka bar Agadas ka nufi arewa maso gabas, tafiyar da ta haura kilomita 100 a hanyar da ba kwalta, za ka kai yankin Tabelot. Tun daga nesa za ka hango wani baƙin bango ya tare sararin sama. To, shi ne Bagazam. Kada ka ɗauka tsauni guda ne irin Dala ko Kwatarkwashi. Kamar wani ƙaton faifai ne na dutse aka ɗora a tsakiyar ƙasa, tsawonsa wajen kilomita 40, faɗinsa wajen 20. Gefensa duk gangare ne mai tsayi, samansa kuma fili ne mai ƙauyuka da garake da idanun ruwa. Filin saman ya haura mita 1,500 daga doron teku. Ƙololuwarsa, wadda Abzinawa ke kira Idukal-n-Tagas, mita 2,022 ce, kuma babu inda ya kai ta a duk Nijar. Agadas kuwa wajen mita 500 take. Ku riƙe waɗannan lambobi, za mu dawo kansu.

Sunan nan ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Kakanninmu sun san shi ta wajen doki: in aka ce doki ɗan Bagazam ne, an gama yabo. Gobirawa har gobe suna faɗin cewa kakanninsu a Azbin suka zauna kafin su gangaro kudu. Tarihin Kano ma ya kawo cewa a zamanin Sarki Yakubu, cikin ƙarni na 15, Abzinawa suka iso Gobir, gishiri ya wadata a ƙasar Hausa. Kai makiyayi, kantun nan da kake fasa wa shanunka, ayarin da ke ɗauko shi daga Bilma da Fashi daga ƙauyukan wannan yanki yake tashi, su Timiya da Tabelot da gindin Bagazam, wajen watan Oktoba. Ya ratsa Tenere ya dawo, raƙuma su ɗan huta, sannan ya gangaro Damargu da Damagaram da Tasawa har Kano a yi musaya da gero. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, da ya ratsa Azbin a 1850, irin wannan ayari ya biyo cikin ɗarin Disamba, ya bi ta Tasawa da Katsina, ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851. Ashe ke nan hanyar da samarinmu ke son bi ta kakanni ce. Su sun gangaro daga arewa, ku kuma daga kudu za ku haura.

Me ya sa sai da ɗari? Ai 'yan albasa sun fi ni sani. Albasar Galmi da bazara take fitowa. Kafin kaka ta wuce, abin da aka adana ya ja baya, farashi ya tashi. Daidai lokacin ne ta Azbin ke shigowa kasuwa, daga wajen Oktoba har Janairu. Ga tafarnuwa, ga dankalin turawa, ga busasshen tumatir. Wato lokacin da ciniki ke kira, shi ne lokacin da dutsen ya fi sanyi. Ba yadda za ka raba su.

Yadda ta kasance da mu

Mu uku muka tafi: ni, da wani abokin fataucina, da ɗan ƙanwata, saurayi mai shekara 17, ƙaƙƙarfa, ya saba bin shanu tun yana ƙarami. A gindin dutse muka samu jagora, wani dattijo Ba'abzine mai jin Hausa kamar ni, da ɗansa da jakuna biyu. Ya ce mu tashi bayan sallar asuba. Ni kuma na tsaya jiran wasu kuɗi da za a turo mini ta waya, ban samu kaina ba sai bayan azahar. Dattijon ya dubi rana ya ce, "Malam, mu kwana nan, gobe mu yi sammako." Na ce, "Baba, motar da na biya jibi za ta juya, ba ni da kwana na zubarwa." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, Allah ya kai mu." Laifin farko ke nan, kuma nawa ne.

Muka kama hanya. Hanyar ƙafa ce da jaki, tana lanƙwasa cikin kwazazzabo tsakanin manyan duwatsu. Rana na dukanmu, gumi na zuba kamar da bazara. Yaron ya tuɓe rigar sanyinsa ya ɗora wa jaki, ni ma na cusa bargona cikin mangala. Jakunan sun san hanya, yaron jagora ya kora su suka yi gaba, mu muna baya muna haki. Laifi na biyu ke nan: duk abin da zai rufe mu ya riga mu tafiya.

La'asar sakaliya rana ta faɗa bayan bangon dutse. A fili da sauran rana, amma cikin kwazazzabo inuwa ta rufe mu gaba ɗaya. Sai iska ta taso daga sama. Jama'a, na sha ɗarin Damargu, na kwana bayan mota a hanyar Tawa, amma ban taɓa jin iska irin wannan ba. Rigar yaron jiƙe take sharkaf da gumi, silifas ɗinsa kuma ɗaya ya tsinke, yana jan ƙafa. Ya fara makyarkyata, haƙora na haɗuwa. Muka ce ya daure, an kusa. Can sai ya fara tuntuɓe a inda babu abin tuntuɓe. In na yi masa magana, amsar sai ta fito a cakuɗe kamar ta mai magagi. Da magariba ta yi ya zauna a kan dutse ya ce, "Kawu, ku je, barci nake ji, in na ɗan kwanta zan biyo ku." Na duba na ga makyarkyatar ta tsaya. Na ce, "Alhamdu lillahi, ya samu sauƙi." Dattijon ya ce, "A'a Malam, yanzu ne abin ya ɓaci."

Abin da tsohon nan ya yi, shi nake so ku ji da kyau. Ya ja yaron bayan wani ƙaton dutse inda iska ba ta bugu. Ya shimfiɗa buhun da ke kafaɗarsa don kada ya zauna a kan dutse mai sanyi. Ya cire masa jiƙaƙƙiyar rigar nan, ya tuɓe tasa babbar riga ya sa masa, ya warware rawaninsa ya naɗe masa kai da wuya. Ya ce in buɗe gaban rigata in zauna in rungume shi ta baya, ƙirjina a jikin bayansa, abokina kuma ya zauna ta gefen iska. Ya tsinto 'yan ƙirare da busasshen kashin jaki ya hura wuta, ya ɗora butar shayinsa da ba ya rabuwa da ita, ya zuba sukari da yawa, yana ba yaron kurɓi kurɓi. Na kai hannu zan murza masa ƙafafu, ya riƙe hannuna. Na ce mu matsar da shi bakin wuta sosai, ya ce a'a. Sannan ya hau kan dutse yana haska tocila yana kira, har ɗansa ya hango ya dawo da barguna.

A nan muka kwana. Don kada barci ya ɗauke mu, tsohon ya yi ta ba mu labarin da ya gada daga kakanninsa. Ya ce a zamanin da, rundunar Barno ta zo Azbin da yaƙi, mutane suka gudu saman Bagazam da dabbobinsu. Barebari suka tsare hanyoyin hawa suna jiran yunwa ta sauko da su. Da abinci ya kusa ƙarewa, sai na sama suka tara ɗan hatsin da ya rage suka ɗura wa dabba, suka kora ta gangare. Maharan suka yanka, suka tarar da ciki cike da hatsi, suka ce mutanen da ke ba dabba hatsi ba ranar da yunwa za ta kama su, suka naɗe kayansu suka juya. Da ya gama ya ce, "Dutsen nan ya tsare kakannina daga Barno, amma ɗarinsa ba ya tambayar ko kai ɗan wane ne."

Wajen tsakar dare makyarkyatar yaron ta dawo, tsohon ya ce yanzu jiki ya farka. Da asuba na ɗauki buta zan yi alwala, na tarar saman ruwan ya daskare. Ranar na fara ganin ƙanƙara da ba daga firji ta fito ba. Yaron ya tashi, yana nan da ransa, har ya yi aure. Amma uwarsa ta yi wata uku ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska, kuma tana da gaskiya.

Me ya sa ɗarin dutse ya bambanta?

Mu koma kan lambobin nan. Masana yanayi sun tabbatar duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska na raguwa da wajen digiri 6. Daga Agadas zuwa filin saman Bagazam ka hau mita 1,000 ko fiye, zuwa ƙololuwa kuma mita 1,500. Saboda haka daren da mutanen Agadas ke cewa yau an yi ɗari, a can sama ruwa daskarewa yake. Ga shi iskar Sahara busasshiya ce, ba gajimare, da rana ta faɗi zafin da dutse ya sha sai ya tsere nan da nan. Shi ya sa za ka yi gumi da azahar ka kwana cikin ƙanƙara. Wannan sauyin ne ke yaudarar mutumin kudu. Ya san ɗari, amma bai san ɗarin da ke zuwa bayan gumi ba.

Jikin ɗan Adam a digiri 37 yake aiki. In ya sauka ƙasa da 35, ƙwaƙwalwa ta fara rikicewa, kuma mai abin ba ya sanin yana cikin haɗari. Abu uku ke jawo haka da sauri: jiƙaƙƙen tufafi, da iska, da yunwa tare da gajiya. Mu duka ukun muka haɗa wa yaron nan.

Shirin tafiya

Na farko, lokaci. A Disamba da Janairu yinin wajen awa 11 ne, rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6, cikin kwazazzabo kuma inuwa na riga ta da nisa. Ka tashi da sassafe, ka lissafa yadda za ka isa masauki kafin la'asar. In azahar ta same ka a gindin dutse, kwana nan. Kuɗin mota da za ka yi asara bai kai ran mutum ba. In ka tashi ka ga hazo ya rufe dutsen, ka jira, domin hazo na ɓoye alamun hanya har ga ɗan gari. Sannu ba ta hana zuwa.

Na biyu, sutura. Riguna biyu ko uku marasa kauri sun fi guda ɗaya mai kauri, don kana iya ragewa in ka ji zafi, ka ƙara in ka tsaya. Ka rage tun kafin gumi ya jiƙa ka. Ka riƙe busasshiyar riga guda cikin leda, da ka isa zango ka canza kafin ka zauna. Rawani ba ado ba ne a can, shi ke tsare kai da wuya da kunne, amawali kuma ya tare maka ƙura. Takalmi ya zama rufaffe mai taurin ƙasa, da safa, wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi. Silifas da sabon takalmi duk ba na dutse ba ne. Mai faso ko kaushi ya shafa man kaɗe tun daga gida. Abin da ya fi komai: rigar sanyinka da ashana da tocila su kasance a jikinka. Kada ka ɗora wa jaki abin da in babu shi ba za ka kwana ba.

Na uku, ci da sha. Da ɗari mutum ba ya jin ƙishirwa, amma busasshiyar iska da haki na zuƙe ruwan jiki. Ka riƙa kurɓa ko ba ka ji ƙishi ba. Ka riƙe dabino da cuku da ƙuli-ƙuli ko soyayyiyar gyaɗa a aljihu, kana tafe kana taunawa. Abzinawa na dama gero da dabino da cuku su sha kafin tafiya, kuma sun san abin da suke yi. Ga masu shan ƙwaya wai don ƙarfi, ko abin maye wai don ɗumi, ku ji tsoron Allah. Abin da suke yi shi ne su hana ka jin gargaɗin da jikinka ke yi maka, har ka kwanta inda ba a tashi.

Na huɗu, makwanci. Kada ka kwana a ƙasan kwari, don iska mai sanyi nauyi gare ta, can take taruwa da dare. Kada kuma ka kwana a kan tudu tsirara inda iska ke kaɗawa. Nemi tsaka-tsaki, bayan dutse. Abin da ka shimfiɗa a ƙasa ya kai abin da ka rufa muhimmanci, domin dutse na tsotse ɗumin jiki. Ka duba ƙarƙashin duwatsu kafin ka shimfiɗa, kunama ba ta tafiya hutu don ɗari. Wayarka kuma ka sa ta cikin riga kusa da jiki, sanyi na cinye batir, ga shi cikin kwazazzabai sau da yawa ba a samun layi. Saboda haka tun a ƙasa ka gaya wa wani hanyar da za ka bi da ranar da za ka dawo.

In an sauke ka a ɗaki, ga wani gargaɗi da ya shafi kowa, har wanda ba zai taɓa ganin Bagazam ba. Kada ka shiga da kaskon gawayi ka rufe ƙofa ka kwanta. Garwashi na fitar da wata iska marar wari marar launi, mutum na barci za ta ɗauke shi. Kowace shekara da ɗari muna jin irin wannan rashi a garuruwanmu. Ka ɗumama ɗakin, ka fitar da kaskon, sannan ka kwanta. Direbobi masu hura gawayi cikin mota a bakin iyaka, da ku nake.

In ɗari ya kama ɗan tafiyarku

Ku riƙa duban juna. Makyarkyata mai ƙarfi, hannu ya kasa ɗaure igiya, tuntuɓe, magana a cakuɗe, mutum ya yi shiru ko ya riƙa fushi ba dalili, duk alamu ne. In ya ce barci yake ji, ko makyarkyata ta tsaya alhali bai ji ɗumi ba, to abin ya yi nisa. Ku tsaya nan take. A kai shi inda ba iska, a raba shi da ƙasa, a cire jiƙaƙƙen kaya, a rufe kai da ƙirji da ciki tukuna, wani ya rungume shi cikin bargo ɗaya. In yana cikin hankalinsa yana iya haɗiya, a ba shi abu mai ɗumi mai zaƙi kaɗan kaɗan. In ba ya cikin hankalinsa kada a ɗura masa komai, zai shaƙe. Kada a murza hannu da ƙafa, kada a jijjiga shi, domin zuciyar da ta yi sanyi ba ta son girgiza. Kada a kai shi dab da wuta, fatar da ta mutu da sanyi tana ƙonewa mai ita bai ji ba. Da hali ya samu a kai shi likita, ko da ya ce ya warke. Makiyaya, wannan ya shafi yaran da kuke turawa kiwo da asuba da 'yar riga ɗaya, da tsofaffi, don su ɗari ya fi saurin kayarwa.

Dabbobi

Jakin dutse daban yake da jakin fadama. Wanda ya tashi a rairayi kofatonsa bai saba da tsakuwa mai kaifi ba, raƙumin kudu ma tafinsa na tsagewa. Ya fi maka ka bar naka a ƙasa ka yi hayar na mutanen wurin. In za a yi lodi, a daidaita mangala ɓangare biyu, a gyara akumari, a rage kaya ƙasa da abin da ka saba ɗorawa a fili. A wurin da hanya ta matse, ka tsaya ta gefen bango, ka bar dabba ta gefen rami, kuma kada ka naɗe igiyarta a hannunka. Saukowa ta fi hawa haɗari, gwiwa ta gaji, kaya sun yi nauyi, zuciya kuma ta riga ta isa gida. Yawancin faɗuwa a nan ake yin ta.

Jagora da mutanen wuri

Baƙo ko da ido makaho ne. Kada ka hau ba jagora ɗan wurin, kuma in ya ce a kwana, a kwana. Ku yi ciniki da shi tun a ƙasa, ka biya shi cikakke. Ni nawa jagoran, da na ƙara masa wani abu bayan mun sauko, cewa ya yi in saya wa yaron takalmi da su. Game da tsaro kuwa, kun san halin da hanyoyin arewa ke ciki. Yankin Azbin ya ga tawaye a shekarun 1990 da kuma 2007 zuwa 2009, an binne nakiyoyi a wasu wurare a lokacin, 'yan fashi kuma ba su ƙare ba. Ka tambayi hukuma da direbobin layin a Agadas kafin ka tashi, ka riƙe takardunka, kada mota ta bar sawun da aka saba bi, kada a yi tafiyar dare, kada kuma ka yi ta shelar kuɗin da ke jikinka.

In ka isa sama, ka fara da gaida maigari da limami. Idon ruwa a can yana da masu shi da tsarin rabonsa, ka nemi izini kafin ka shayar da dabba, kada kuma ka yi wanki a cikinsa. Ka ɗaure jakinka nesa da garka. Kada ka sari ɗanyen itace. A saman duwatsun Azbin akwai wani zaitun na daji da ya rage tun zamanin da Sahara ke da ruwa, bai cika haihuwa ba yanzu, wanda ka sare don shayin dare ɗaya ba mai mayar da shi.

Za ka kuma ci karo da tarin duwatsu da aka jera, kaburburan mutanen da ne, kada ka ɗebi dutsensu ka yi murhu. A jikin duwatsun Azbin akwai zanen shanu da raƙuman dawa da jiminu, da rubutun Abzinawa na tifinag. A Dabus, arewa da Agadas ta hanyar Arlit, akwai zanen raƙumin dawa da tsawonsa ya haura mita 5, an sassaƙa shi shekaru dubbai da suka wuce. Makiyayi, waɗanda suka zana shanun nan sana'arku ɗaya, sun yi kiwo a wurin lokacin da yake da ciyawa da tafkuna. Abin takaici ne a ce abin da ya tsira daga rana da iska tsawon wannan zamani, wani ya zo da ƙusa ko fenti ya rubuta sunansa da lambar wayarsa a kai. Ka duba, ka ɗauki hoto in kana so, ka bar shi yadda ka same shi.

Kada wani ya ji wannan hira ya ce na tsorata shi. Washegarin daren nan da muka ƙarasa sama, hantsi ya ɗaga, na tsaya a bakin gangare na hango ƙasa shimfiɗe har inda ido ya gaza, ga garake kore shar a tsakiyar baƙin dutse, ga ruwa na gudu a 'yar magudana, mata na shanya tumatir. Mutanen suka karɓe mu da shayi da gurasar alkama kamar sun daɗe da saninmu. Na sayi tafarnuwata, na kuma yi abokan ciniki da har yau muke gaisawa. Wuri ne da ya cancanci a je. Ku je da sammako, da busasshiyar riga a leda, da bargo a kafaɗarku, ku kuma ji maganar mai wurin.

Wanda ya ji, ya gaya wa wanda bai ji ba, musamman samarin da suka riga suka ɗaura niyya. Allah ya tsare matafiya, ya ba dabbobi lafiya, ya sa albarka a kasuwa, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.